Yadda na rabu da toshewar hanci

Toshewar hanci ta daɗe tana damuna wallahi, musamman da dare, in na kwanta ta dama sai hancin dama ya rufe ruf, in juya hagu shi ma haka, numfashi sai ta baki, da safe maƙogwaro ya bushe ƙayau. Likitan hanci ya leƙa da 'yar kyamara, ya ce naman da ke lulluɓe da ƙasusuwan cikin hanci ne ya kumbura, guda 3 ne kowane gefe, na ƙasan shi ya fi toshe iska, nawa kuma ƙura ce ke tayar da shi.

Ya sa ni wanke hanci da ruwan gishiri, amma ruwan da aka tafasa ya huce fa, sannan in fesa maganin sitiroyid mai rage kumburi kullum, bakin kwalbar ya kalli wajen kunne ba tsakiyar hanci ba, don kar ya jawo haɓo. Maganin nan sai da haƙuri, yakan ɗau makonni kafin ka ji canji. Feshin da ke buɗe hanci nan take irin oxymetazoline kuwa ya ce kar ya wuce kwana 3, don yana dawo da toshewar har ta fi da.

Ya ce in bai yi ba akwai ƙaramar tiyata ta rage naman. Alhamdulillah ban kai can ba, yanzu ta hanci nake numfashi har asuba.