Yadda ake saka intanet mai sauri a wurin sana'a a Damagaram

Mai shagon buga takardu a bakin kasuwar Dole da mai tashar mota da ke sayar da tikiti ta kwamfuta ba buƙatarsu ɗaya ba. Don haka kafin ka je ofishin kowane kamfani, zauna ka yi lissafi: kwamfuta nawa, salula nawa, akwai kyamarar tsaro? Da megabit ake auna saurin intanet, kuma kiran bidiyo guda mai kyau yana cin megabit 3 zuwa 4 a daƙiƙa. A ganina, ofis mai mutum biyar ya nemi megabit 20 ko sama.

Daga nan sai zaɓen hanya, kuma uku ne a gabanka. Ta farko ita ce fiba, wato wayar intanet da ake jawowa har cikin gini, wadda ta fi kowace tsayuwa ba yankewa. Fara tambaya a Niger Telecoms, kamfanin gwamnati da aka kafa a 2016 bayan haɗe Sonitel da SahelCom, sannan ka zaga sauran. Wucewar babbar waya ta cikin gari ba ya nufin ta iso ƙofarka. Su zo su auna nisa, su faɗa maka wa zai biya kuɗin haƙa rami da jan waya.

Ta biyu akwatin 4G ne na Airtel, Moov Africa ko Zamani, wato tsohon Orange. Shi ya fi sauƙin kuɗi, amma kada ka saya a kan maganar maƙwabci. Ari layin kowane kamfani, ka buɗe shafin auna sauri na Fast.com ko Speedtest a cikin ɗakin da za a yi aikin, ka gwada da safe, da azahar, da kuma bayan magariba lokacin da kowa ya hau. Katangar laka mai kauri irin ta gidajen Birni tana shanye reso, rufin kwano ma haka. Sau da yawa matsar da akwatin kusa da taga kawai yake gyara lamarin.

Ta uku Starlink, intanet na tauraron ɗan adam da ake kamawa da faranti, da ya fara aiki a Nijar a watan Maris na 2025. Taurarinsa suna shawagi a nisan kilomita 550 ko kusa da haka, shi ya sa ba ya jinkiri irin na tsofaffin faranti. Yana son sarari ba itace ba gini, kuma ruwan Agusta mai ƙarfi yana iya katse shi na ɗan lokaci. Saya a hannun dillali mai izini.

Wajen sa hannu a takarda mutane suka fi yin sake. Tambayi ko saurin naka ne kai kaɗai ko na tarayya ne. Na tarayya ya fi araha, amma yana raguwa idan jama'a sun yi yawa. Tambayi saurin aikawa, ba na saukewa kaɗai ba, don shi mai kyamara da mai tura manyan takardu suke dogara da shi. A rubuta awa nawa za su ɗauka su zo gyara. In suka saɓa, da wannan takardar za ka kai ƙara ARCEP, hukumar da ke sa ido kan kamfanonin sadarwa.

Sai wuta. Intanet komai saurinsa ba ya aiki da akwati a mace, kuma a zafin Afrilu da Mayu kowa ya san yadda ake ɗauke ta. Akwatin 4G ko na fiba wat 10 zuwa 15 yake ci, ƙaramin batir ya ishe shi. Babban farantin Starlink kuwa yana iya kaiwa wat 100, sai an haɗa da sola.

Idan cinikinka yana tsayawa cak da intanet ya yanke, ajiye layi na biyu na wani kamfani dabam. Ranar da aka gama sakawa, canza lambar sirrin da akwatin ya zo da ita, ka ware wa baƙi wifi nasu, don kada yaran unguwa su cinye saurin da kallon bidiyo.