Darasi na 6: Kula da amya lokacin zafi

To jama'a yau maganar zafi za mu yi. Ku sani su ma ƙudan zuman ba zaune suke ba, tsakiyar saƙa inda ƙwai da 'ya'yansu suke kullum suna riƙe ɗumin wajen a digiri 34 zuwa 35, in ya haura sosai 'ya'yan lalacewa suke. Shi ya sa da rana ta take za ka ga wasu sun jeru a bakin ƙofa suna ta fifita da fukafukai har kana jiyo ƙuginsu, wasu kuma sun bar furanni sun koma jigilar ruwa suna shafawa jikin saƙa, iska na busar da shi ciki na yin sanyi. Duk ƙudan da ya tafi ɗebo ruwa, zumar da zai kawo ce ka rasa.

Don haka ruwa ne kan gaba. Amya mai ƙarfi tana iya shan lita guda ko fiye a yini. Samu faranti ko roba mara zurfi, zuba tsakuwa ko ƙirare yadda za su samu wajen sauka, in ba haka ba wallahi da safe gawarsu za ka tarar tana yawo a kai. Kuma tun kafin zafin ya kankama ake ajiyewa, don in suka saba da wani waje, ko randar maƙwabta ce, raba su da shi aiki ne. Kar ya ƙafe ko na kwana ɗaya.

Sai inuwa. Hantsi ba ya cutar da su, ranar azahar zuwa la'asar ce matsalar. In ba bishiya a yi 'yar rumfa, a bar tazara tsakaninta da murfi iska ta ratsa. Murfin kwano kuwa ka ɗora tafin hannunka da tsakar rana ka ji da kanka, a shafa masa farin fenti ko a ɗora katako. Kakin zuma sai wajen digiri 62 yake narkewa amma tun kafin nan ya yi laushi, saƙar da ta cika da zuma ta ɓalle ta danne ƙudan, daga nan wani lokacin sai su yi ƙaura gaba ɗaya.

In ka ga sun yi cincirindo a waje da yamma kamar gemu kar hankalinka ya tashi, rage cunkoso suke. Faɗaɗa ƙofar kaɗan, share ciyawar da ta tare ta. Buɗe amya kuma sai da sassafe ko rana ta yi sanyi.

Aikin gida: kowa ya duba amyarsa da ƙarfe 2 na rana, ya rubuto inda inuwa ta tsaya.