Yadda za ka shirya zuwa ganin likitan zuciya a Kebbi, da abin da za a yi maka a can

Jama'a dan Allah mu daina jira sai mutum ya kasa kwanciya da dare saboda haki sannan a nemi mota. Ciwon zuciya yana da magani, amma sai an je da wuri, an je da shiri, kuma ba a yar da magani don an ji sauƙi ba.

Alamomin da ya kamata su tashe ka: haki idan ka yi 'yar tafiya, misali daga gida zuwa masallaci da a da ba ka ko jin ta, kumburin ƙafa, tari da dare, bugun zuciya fat-fat ba dalili, jiri ko suma, da kasa kwanciya miƙe sai an tara filo biyu ko uku. Kumburin nan ga yadda ake gwada shi a gida, ka danna babban yatsa a kan ƙaurin ƙafa kusa da idon sawu ka ƙirga zuwa goma ka ɗaga, in ka ga rami ya zauna bai taso nan take ba to ruwa ne ya taru, ba ƙiba ba ce. Ƙoda ko hanta ma suna kawo haka, shi ya sa dole sai an auna. Amma in ciwo ne a tsakiyar ƙirji kamar an danne, yana tafiya hannun hagu ko muƙamuƙi ga zufa tana karyowa, wannan ba na jiran ranar kilinik ba ne, a wuce sashen gaggawa a lokacin ko da tsakar dare ne. Da yawa ana cewa olsa ce a sayo maganin olsa a kemis, lokaci na tafiya.

In kana Argungu, Jega, Kamba, Yauri ko Zuru, fara da babban asibitin garinku a auna ka a rubuta maka takardar turawa. Da ita za ka zo Birnin Kebbi, asibitin koyarwa na tarayya wanda har yanzu mutane ke ce ma FMC, ko asibitin Sir Yahaya. In abin ya fi ƙarfin nan sukan tura asibitin koyarwa na jami'ar Usmanu Danfodiyo, wato UDUTH, a Sakkwato. Kafin ka hau mota ka sa wani ya tambayo maka ranar da likitan zuciya ke zama, don ba kullum ake kilinik ɗin ba, kuma ka yi sammako saboda yankan kati da neman folda kaɗai sai su ci maka safiya. Mai katin KECHEMA, wato inshorar lafiya ta jihar Kebbi, ko na inshorar lafiya ta tarayya ya taho da shi.

Abin da mutane suka fi mantawa shi ne leda. Ka tattara duk maganin da kake sha da kwalinsa ka zuba a leda guda, na asibiti, na kemis, har na gargajiya da jiƙe-jiƙen da Gwaggo ta kawo, kar ka ɓoye ko ɗaya don kunya. "Wani fari ƙarami nake sha" ba zai taimaki likita da komai ba, farare ƙanana sun fi a ƙirga. Tsofaffin takardun gwaji ma a haɗo. In tsoho ne ko tsohuwa, a je da wanda ke kwana gida ɗaya da su, don za ka ji likita ya ce Baba yaya jikin, shi kuma ya ce alhamdulillahi da sauƙi, alhali kwana nawa a zaune yake barci. Godiya ga Allah dole ce, amma bayan ta a faɗi abin da ake ji dalla-dalla.

Za a fara da awon jini. Ka zauna ka huta minti 5 tukuna, kar ka ci goro ko ka sha sigari ko kofi rabin awa kafin awon, ƙafa a ƙasa, baya a jingine, ba surutu. In awo yana kaiwa 140/90 ko sama a lokuta daban-daban shi ne hawan jini, kuma yawancin masu shi ba sa jin komai, ba ciwon kai ba jiri, yana can yana cin zuciya da ƙoda a ɓoye har ya kai ga shanyewar ɓarin jiki. Ka riƙa rubuta lambar da kwanan wata a ɗan littafi.

Sai isiji, wato gwajin bugun zuciya da ake yi da wayoyi. Mutane na tsoron wayoyin nan wallahi ba komai, ba ya ja kamar lantarki. Za ka kwanta a manna maka abubuwa guda 10, shida a ƙirji huɗu a hannuwa da ƙafafu, cikin 'yan mintuna takarda ta fito da zane, tsarin bugun zuciyar take nunawa. Eko kuma sikanin ne irin na masu ciki amma na zuciya, za ka kwanta ta gefen hagu a shafa maka wani mai mai sanyi a ƙirji, likita yana yawo da kan na'urar yana kallon zuciyar a allo tana buɗewa tana rufewa, wani lokaci har ka ji ƙarar jinin yana wucewa. A nan ake ganin ko ta buɗe ta yi girma, ko ƙarfin matsawarta ya ragu, ko wata ƙofa a cikinta ta lalace. Ka ɗauke ta kamar injin ban ruwa a fadama, in ƙarfinsa ya ragu ruwa baya yake taruwa, shi ne ya cika huhu da ƙafafu. Mata su sa kaya masu sauƙin ɗagawa, kuma ba laifi ki nemi nas mace ta tsaya. Za a iya ƙara hoton ƙirji da gwajin jini na ƙoda, suga da kitsen jini, wani gwajin sai ba a karya ba, to ka tambaya tun kafin ranar.

Bari in tsaya a kan masu jego don nan abin ya fi ci min rai. Akwai ciwon zuciyar da ke kama mace a ƙarshen ciki ko cikin watannin farko bayan haihuwa, kuma arewa maso yammacin Najeriya na cikin wuraren da ya fi yawa a duk duniya. Mace ta haihu lafiya an yi suna, sai ta fara haki ko shayarwa take, ƙafa ta kumbura, tari ya hana ta barci, sai a ce ai jego ne, ko sanyi ya shige ta a ƙara mata ruwan zafi da kunun kanwa. Kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, zuciyar da ta riga ta gaji kuma an ƙara mata kaya. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi rubutu a kan alaƙar ciwon da yawan kanwa da zafin jego, duk da ana samunsa ga matan da ba su yi ba, ba ita kaɗai ce sila ba. Maigida kai ne za ka tsaya, ka je wajen Inna cikin ladabi ka ce Inna a yi haƙuri a dakatar da kunun nan mu kai ta a duba. Da yawa suna warkewa in an fara magani da wuri, amma kar a sake ɗaukar ciki sai an maimaita eko likita ya yi bayani, wannan magana ce ta rai.

Yara kuma, ciwon maƙogwaro da zazzaɓi da ba a yi wa magani daidai ba yana iya komawa ya lalata ƙofofin zuciya bayan shekaru. Wanda aka gano yana da shi akan sa masa allurar fenisilin duk sati 3 ko 4 na tsawon shekaru, tana da zafi amma kar a tsallake.

Maganar magani. Lasix, maganin fitar da ruwan da ya taru a jiki, yana sa fitsari sosai, aikinsa kenan, a sha da safe don kar ya hana barci. Cikin magungunan hawan jini, amlodipin yakan ɗan kumbura idon sawu, lisinofiril yakan kawo busasshen tari kuma mai ciki ba ta shan sa, in ka ga haka koma a canza maka, kar ka ajiye da kanka. Mai shan wafarin, maganin hana jini daskarewa, dole ya riƙa zuwa gwajin jini ana daidaita masa. Maganin hawan jini ba irin na maleriya ba ne da za ka sha kwana uku ka gama, in awo ya sauka maganin ne ya saukar da shi, in ka daina sai ya sake hawa. In kuɗi ne matsala faɗa wa likita kai tsaye, sau da yawa akwai mai araha da zai yi aikin. Sannan a guji diklofenak da ibuprofen da haɗin gajiya na kemis, suna riƙe ruwa suna taɓa ƙoda. Azumi in ya matso a je a tambayi yadda za a juya lokutan sha tun cikin Sha'aban, balle in ya faɗo lokacin zafin nan namu.

A gida, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishiri kar ya kai giram 5 a yini, wajen ƙaramin cokalin shayi ɗaya kenan, kuma da na cikin magi, yaji, kilishi da indomi duk ake lissafi. A rage a hankali baki zai saba, a ƙara daddawa, albasa da tafarnuwa. Kifi Allah ya hore mana daga Yauri har Argungu, a yi farfesu ko gashi maimakon suya kullum, ga zogale, rama da wake. Tafiyar ƙafa minti 30 sau biyar a sati ta isa ga mai lafiya, mai ciwo ya tambayi iyakarsa. Sigari da shisha a bari gaba ɗaya.

Wanda aka ce zuciyarsa ta yi rauni, in da hali ya sayi sikeli ya riƙa hawa kowace safiya bayan fitsari kafin kari. In nauyi ya ƙaru da kilo 2 cikin kwana uku, ko takalmi ya fara matsewa, ko ya ƙara filo, ya ɗauki kati da ledar magani ya koma asibiti ko ranar da aka rubuta masa ba ta yi ba.