Yadda Ake Kare Kai Daga Radiyeshin a Ɗakin Binciken Nukiliya

Hausawan da ke aiki a ɗakunan bincike da sashen maganin nukiliya a Riyad ko Jidda, ɗalibi ne ko mai shara, abubuwa biyu suke fuskanta. Akwai hasken da ke ratsa jiki daga nesa, wanda Larabawa ke kira ish'a', akwai kuma burɓushin sinadarin da ke manne wa hannu ya bi baki ko hanci ya shige ciki. Duka biyun ba a ganinsu, ba su da wari.

Fara da bajon auna radiyeshin. A ƙirji ake maƙala shi, kuma na mutum ɗaya ne, ba a aro. Bajon ba ya kare kowa, lissafi kawai yake riƙewa. Iyakar ma'aikaci milisibat (ma'aunin radiyeshin da jiki ya ɗauka) 20 ce a shekara idan aka raba a kan shekara 5, kuma kada shekara ɗaya ta wuce 50; ta sauran jama'a 1 ce. Kada ka bar bajon a mota da rana, zafin Riyad na iya ɓata abin da ya tara. Kada kuma ka jefa shi cikin jakar da za ta bi na'urar haska kaya a filin jirgi, sai a rubuta maka abin da jikinka bai ɗauka ba. Mace mai juna biyu ta sanar da jami'in kariya da wuri, don iyakar ɗan tayi 1 ce kacal.

Nisa ne kariya mafi arha. In ka ninka tazararka sau biyu, abin da ke samunka ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Saboda haka da hantsaki ake ɗaukar kwalba, ba da yatsu ba. Gwada aikin da ruwa zalla tukuna har hannu ya saba, sannan ka buɗe na gasken.

Wajen shinge ake yawan kuskure, don mutane sun ɗauka dalma maganin komai ce. Dalma mai kaurin milimita 0.3 tana rage hasken sinadarin teknishiyam-99m da rabi, amma kobalt-60 sai wajen santimita 1.2, wato rigar dalma a gabansa nauyin banza ce. Fosfaras-32 kuwa gilashin roba mai kaurin santimita 1 ake sa masa. In ka tare shi da dalma kai tsaye, wani hasken mai ratsa jiki take haifarwa. Aidin-131 yana tashi cikin iska ya taru a maƙoƙo, don haka ba a buɗe shi sai cikin akwatin da ke zuƙe iska.

Gahawa, dabino, asuwaki, duk a bar su a waje. Takalmi rufaffe, ban da silifa. Idan aka kira salla, kada ka zarce wurin alwala: cire safar hannu, bi tafin hannu da tsakanin yatsu da tafin takalmi da na'urar Geiger mai gano radiyeshin, tazarar santimita 1, a hankali. Hannun da ba a duba ba shi zai kai ruwa baki da hanci. Sinadarin tiritiyam kam na'urar ba ta jinsa, sai an goge wurin da takarda an kai awo.

In abu ya zube, rufe shi da takarda mai shan ruwa, hana kowa takawa, kira jami'in kariya. Daga gefe ake gogewa zuwa tsakiya. Fata kuma ruwa mai ɗumi-ɗumi da sabulu, ban da dirza, don fatar da ta kuje hanya ce zuwa jini. Takardar da safar hannun su shiga kwandon shara mai alamar radiyeshin, a rubuta sunan sinadarin da kwanan wata. Teknishiyam-99m yana raguwa da rabi duk awa 6, bayan awa 60 saura wajen kashi ɗaya cikin dubu. Aidin-131 mai kwana 8 sai ya kwashe kwana 80 kafin ya kai haka.