Yadda za ka sha farasitamol ba tare da ka lalata hantarka ba

Wallahi abin da ke damuna da maganin nan shi ne yadda muka raina shi, kai na ciwo a ɓallo biyu a kora da ruwa, bayan awa ɗaya bai sauka ba a ƙara biyu, ga kuma na mura an ɗora a kai. Bari in ɗan ja ka baya ka ga inda ya fito, in ka gane abin da yake yi a hanta ba sai an roƙe ka ka bi ƙa'ida ba.

Wani masanin kimiyya a Amurka, Harmon Morse, shi ya fara haɗa shi tun 1878, amma babu wanda ya kula shi. A 1886 wasu likitoci biyu a birnin Sitirasbog na Turai, Cahn da Hepp, suka gano wani magani ɗan'uwan farasitamol mai suna asitanilaid yana sauke zazzaɓi, aka shiga sayarwa, sai dai yana taɓa jini har leɓen mutum ya koma shuɗi. Sai a 1948 wasu masana biyu, Brodie da Axelrod, a birnin Niyok suka nuna cewa ashe jiki ne ke juya asitanilaid ɗin ya koma farasitamol, kuma farasitamol ɗin ne mai kashe ciwon, to me zai hana a ba mutane shi kai tsaye? Haka ya fito da sunan Tylenol a Amurka a 1955, da sunan Panadol kuma a Ingila a 1956, ka ga kusan shekara tamanin yana ajiye kenan.

Toh ga inda nake so ka nutsu. Duk ƙwayar da ka haɗiya hanta ce ke aikinta, mafi yawanta takan liƙa mata wasu sinadarai ta yadda za ta narke ta fita a fitsari salin alin. Amma ɗan kaɗan, abin da bai wuce kashi 10 cikin 100 ba, yana bin wata hanya ya rikiɗe ya zama guba da ake kira NAPQI. Allah cikin ikonsa ya ajiye wa hanta wani sinadari, gulutatayon, da ke cafke gubar nan take ya kashe kaifinta. Matsalar ita ce ajiyar tana da iyaka, in ka loda magani da yawa sai ta ƙare, gubar ta rasa mai tare ta ta fara cin ƙwayoyin hantar kanta.

Saboda haka ka daina ƙirga ƙwaya, ka koma ƙirga miligiram. Juya kwalin ka duba, yawanci ƙwaya ɗaya 500 ce. Babba mai lafiya yana shan 500 zuwa 1000 a lokaci guda, ya jira aƙalla awa 4 zuwa 6 kafin ya sake, kuma kar ya wuce 4000 a awa 24, ƙwaya takwas kenan. Ka rubuta lokacin da ka sha ko a waya ne, don mai zazzaɓi da tsakar dare ba ya riƙe lissafi.

Sannan ka karanta bayan duk wani magani da kake sha tare da shi, nan ne mutane suka fi faɗawa ba su sani ba. Magungunan mura da na ciwon jiki da yawa akwai farasitamol a ciki, wani lokacin ma an rubuta asitaminofen, abu ɗaya ne sunan ne kawai ya bambanta, duk sai ka haɗa su cikin lissafin 4000 ɗin nan.

Yara kuma da nauyi ake auna musu, miligiram 10 zuwa 15 a kan kowane kilo, yaro mai kilo 10 zai sha 100 zuwa 150. Don Allah iyaye mata a yi amfani da sirinji ko ɗan kofin da ya zo da kwalbar, cokalin cin abinci ba ma'auni ba ne. Wanda bai kai kilo 50 ba, ko mai ciwon hanta, ko mai shan giya, ko wanda ya kwana biyu bai ci abin kirki ba, dama ajiyarsa ta gulutatayon ƙarama ce, ya tambayi likita a rage masa.

In kuwa an riga an zarce, ko yaro ya ɗauka ya shanye, kar a tsaya jiran alama. Ranar farko mutum zai iya zama garau ko ɗan tashin zuciya kawai, sai bayan kwana biyu zuwa uku ido ya yi rawaya, gefen dama na ciki ya kama ciwo, lokacin ɓarna ta yi nisa. Akwai makarinsa a asibiti, NAC, yana taimaka wa hanta ta sake tara gulutatayon, kuma ya fi aiki in an ba da shi cikin awa 8 na farko. A ɗauki kwalin a tafi da shi, a faɗa wa likita nawa aka sha da ƙarfe nawa.