Hoto ya nuna ƙullutu a mama: inda muke yawan kuskure

Mace ta fito daga ɗakin hoto riƙe da takarda an rubuta BI-RADS 4 ko 5 (ma'aunin da likitocin hoto ke nuna girman zargi da shi), kafin ta sauka daga a-daidaita-sahu a Tudun Wada dangi sun gama yanke hukunci: daji ne. Alhali hoto zargi kawai yake yi. A mataki na 4 sau da yawa akan duba a tarar ba sankara ba ce. A na 5 ne zargin ya kai kashi 95 cikin 100 ko fiye. Mai tabbatarwa shi ne gwajin tsoka: a kashe zafin wurin, a ɗebo ɗan yanki da allura, a kai ɗakin gwaji.

A nan ake yin babbar asara. Sai wata gwaggo ta ce, "Ke 'yar nan, daji ba ya son ƙarfe," a koma shafe-shafe da jiƙe-jiƙe wata da watanni, har kaluluwa ta fito a hammata, fata ta fashe. Allurar gwaji ba ta watsa cutar. Waɗanda ake ba da labarin sun rasu bayan aiki, galibinsu sun makara ne tun kafin su je. A yi addu'a, a kuma kai takardar Asibitin Barau Dikko ko ABU Shika cikin makon.

Kada kuma a bari a yanke ƙullutun a ƙaramin asibiti a jefar ba a gwada ba. A tambayi sakamakon ER, PR da HER2, wato alamomin da ake dubawa a tsokar da aka ɗebo, don su ke nuna maganin da zai ci: wadda aka samu ER a nata kan sha tamoxifen ko makamancinsa shekara 5 zuwa 10.

Tsoron cire mama ma yana kore mata da yawa, ga fargabar abin da maigida zai ce. Ba kowa ake cire wa duka ba. In ƙarami ne, akan cire shi kaɗai a bi da gasa wurin da hasken na'ura; in babba ne, akan fara da kemo, wato magunguna masu ƙarfi na kashe ƙwayoyin daji, don ya motse.

Wasu kuma da ƙullutu ya motse, ko sumar kai ta zube, sai su daina zuwa. Suma tana dawowa, amma kemo rabi da rabi ƙofa ce ga ciwon ya dawo. Wadda aka kama nata tun yana cikin mama tana da kyakkyawan zaton warkewa. In ya kai ƙashi, hanta ko huhu, magani sai dai ya danne shi ya rage raɗaɗi.