Idan Kabewa Ta Yi Yawa a Lambu: Yadda Ake Dafa Ta da Adana Ragowar

Kabewa ba ta san kaɗan ba. Da zarar yaɗo ya kama, tushe biyu ko uku sun isa su riƙa cika kwando duk bayan kwana biyu, har mai lambu ya rasa inda zai kai ta. Yawancin asarar da ake yi ba a gona take faruwa ba, a ɗakin girki take faruwa, kuma dalilin ɗaya ne: an haɗa kabewa iri biyu masu hali daban an yi musu ajiya ɗaya.

Don haka kafin a ɗauki wuƙa, a zube ta a ƙasa a gwada kowace da farce. Wadda farce ya shige ta cikin sauƙi, mai laushin ɓawo ce, irin su zukini da sauran waɗanda ake cira tun suna ɗanyu. Wannan kusan kashi 95 cikin ɗari nata ruwa ne, kwanakinta ƙidayayyu ne. Wadda farce ya kasa hudawa, mai taurin ɓawo ce, ta nuna a jikin yaɗo, kuma idan an bi da ita yadda ya kamata za ta yi watanni ba firji ba firiza. A fara da ta farkon, ta biyun za ta jira.

Mai laushin ɓawo: ruwa ne matsalarta

A cire ta tana tsawon santimita 15 zuwa 20. Idan ta wuce haka 'ya'yanta kan yi tauri, cikinta ya zama kamar soso, ɗanɗano ya dushe. Akwai kuma wani abu: yawan cira shi ke sa tushen ya ƙara zuba wasu. Wanda kabewa ta ishe shi yana iya tsinke furen mace, wato wanda ke da ɗan ƙullin kabewa a gindinsa, sai haihuwar ta ragu. Furen ma ana cin sa, a cire tsinken cikinsa a soya shi sama-sama.

Kada a wanke ta kafin a ajiye. A goge ƙasar da busasshen ƙyalle, a saka a leda mai 'yan huji, a sa a aljihun kayan lambu na firji. Kwana biyar zuwa bakwai za ta yi. Bayan haka sai a ga ƙananan ramuka sun fito a ɓawon, tana yauƙi, domin sanyin firji ya fi ƙarfinta idan ta daɗe.

Wajen dafawa, kuskuren da aka fi yi shi ne a cika kasko da ita. Ruwanta ya fito gaba ɗaya, zafin mai ya faɗi, maimakon ta soyu sai ta dahu a cikin ruwan jikinta ta zama lugub. Maganin abu uku ne. A yanka ta da kauri, kamar santimita ɗaya. A barbaɗa gishiri, ƙaramin cokali ɗaya ga kowane rabin kilo, a bar ta cikin rariya minti 20 zuwa 30 ruwan ya tsiyaye, sannan a tsane ta da ƙyalle. Sai a soya ta shimfiɗa ɗaya a kasko mai zafi sosai, minti biyu zuwa uku kowane gefe, ba tare da yawan juyawa ba. Idan da yawa, a yi ta kashi-kashi. Gaggawa a nan ita ke ɓata girki.

Idan miya ko romo za a sa ta, ta shiga a minti biyar na ƙarshe. Waɗanda suka ɓuya ƙarƙashin ganye har suka yi girman hannu kuwa, a raba su biyu, a kwashe tsakiyar da cokali, a gurza sauran. Gurzajjiyar kabewa, idan an sa mata gishiri an matse ta sosai a ƙyalle, tana shiga ƙullin burodi da kek, ko a haɗa kofi biyu da ƙwai ɗaya da fulawa cokali huɗu da albasa a soya cokali-cokali. Idan ƙullin ya ƙi haɗuwa a kasko, ba a matse ruwan da kyau ba ne.

Mai taurin ɓawo: a kiyaye ta daga rauni

Ajiyar wannan tun daga wurin cira take farawa. A jira mariƙinta, wato ɗan sandan da ya haɗa ta da yaɗo, ya bushe ya yi kaushi, ɓawon kuma ya daina sheƙi. A yanke da wuƙa mai kaifi a bar mata mariƙi na santimita biyar zuwa takwas. Kada a ɗauke ta ta wannan mariƙin. Idan ya ɓalle, ya bar ƙofa a buɗe, kuma ta nan ruɓa ke shiga. Duk wadda mariƙinta ya fita, ko ta faɗi ta bugu, ko ƙwaro ya huda ta, a ware ta cikin waɗanda za a ci a makon nan.

Sai ƙeƙasar da ɓawo, matakin da mutane da yawa ke tsallakewa. A jera su a wuri mai ɗumi da iska ke ratsawa, zafi kamar digiri 27 zuwa 29 a ma'aunin Selshiyas, na kwana goma zuwa sha huɗu. A cikin kwanakin nan ƙananan ƙujewa suna warkewa, ɓawo yana ƙara tauri, wani kaso na sitacin cikinta yana juyewa sukari. Shi ya sa kabewar da ta ɗan kwana biyu ta fi wadda aka ciro yau zaƙi. A kare su daga ruwan sama da raɓa, a kuma kiyaye kada rana mai tsanani ta ƙone musu gefe guda. Akwai irin da ba ya son wannan matakin: ƙaramar nan mai duhun kore da tsagi-tsagi a jiki da ake kira ekon. Ɗumi yana sa ta yin zare-zare, kuma ko an kula da ita ba ta wuce mako biyar zuwa takwas ba.

Wurin ajiya mafi dacewa shi ne mai sanyin digiri 10 zuwa 13, busasshe, mai duhu. Ba firji ba: ƙasa da digiri 10 sanyi yana lalata naman kabewar, ta fito ta ruɓe da wuri. Inda ba a samun irin wannan sanyin, a zaɓi ɗakin da ya fi kowane sanyi da iska, a kuma san cewa kwanakinta za su ragu. A ɗora su kan katako ko kwali, shimfiɗa ɗaya, kada su taɓa juna, kada su zauna kan siminti domin yana tara damshi a ƙarƙashinsu. A nisanta su da ayaba da tuffa da tumatir masu nuna, saboda waɗannan suna fitar da iskar etilin da ke tsufar da kabewa. Mai dogon wuya ruwan ƙasa-ƙasa, wadda ake kira batanot, takan yi wata biyu zuwa uku cikin sauƙi, wani lokaci fiye. Manyan nan masu kaurin ɓawo sukan kai wata biyar zuwa shida.

A leƙa su sau ɗaya a mako, a juya, a danna gindin mariƙi da wurin da fure ya faɗi. Wadda ta fara laushi a fitar da ita nan take. Idan tabon ƙarami ne kuma sauran naman da ƙarfinsa, a yanke shi da faɗi a dafa ragowar a ranar. Idan ruwa ya fara tsatstsafowa ko fumfuna ta shiga ramin 'ya'yan, a zubar.

Hanyar dafa ta da ta fi fitar da zaƙi ita ce gashi. A raba biyu, a kwashe 'ya'yan, a shafa mai da gishiri, a kife a faranti, a gasa a obin mai zafin digiri 200 na minti 45 zuwa awa ɗaya, har cokali mai yatsu ya shige ba tirjiya. Ba sai an sha wahalar fere ɓawo ba, cokali zai kwashe naman. Idan ƙanana aka yanka, minti 25 zuwa 30 sun isa. Tafasawa a ruwa mai yawa tana tafiya da ɗanɗano, turarawa ta fi. Kada a yi rowar mai: launin ruwan lemon nan na kabewa sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A ne, kuma da maiƙo jiki ya fi tsotse shi. Dafaffiya tana kwana uku zuwa huɗu a firji.

Firiza

Mai laushin ɓawo ba a jefa ta firiza ɗanya. Akwai sinadarai a jikinta da ke ci gaba da aiki ko a cikin ƙanƙara, su canja mata launi da ɗanɗano, kuma ɗan zafi ne ke tsayar da su. A tafasa ruwa lita huɗu ga kowane rabin kilo, a zuba yankakkiyar kabewar, a ƙirga minti uku daga lokacin da ruwan ya sake tafasa. A tsame a zuba a ruwan ƙanƙara na minti uku, a tsane sosai, a baza a faranti ta daskare ɗaya-ɗaya kafin a ƙulle a leda a fitar da iska. Idan aka ƙulle ta da jiƙa, dunƙule ɗaya za a tarar. A sani cewa ba za ta dawo da ƙarfinta ba, don haka ta miya ce, a zuba ta da ƙanƙararta. Gurzajjiya kuma a turara ta minti ɗaya zuwa biyu, a ƙulle kofi biyu-biyu.

Mai tauri ta fi sauƙi. A gasa ko a turara, a dame, a bari ta huce, a zuba a roba a bar sarari kamar santimita ɗaya da rabi a sama domin tana kumbura. Idan damammiyar ta yi ruwa, a bar ta cikin rariya da ƙyalle awa ɗaya tukuna. A firizar da ke riƙe digiri 18 ƙasa da sifili, duka biyun suna yin wata goma zuwa shekara. A rubuta kwanan wata a jiki. Inda wuta ba ta tsayawa, wannan lissafin ba ya aiki, gara a koma ga busarwa.

Busarwa

A yanka siri-siri, rabin santimita ko ƙasa da haka, a tsoma a tafasasshen ruwa minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi, a tsane, a baza kan raga. A na'urar busarwa ko obin mai zafin digiri 55 zuwa 60 da aka ɗan buɗe ƙofarsa, za ta ɗauki awa goma zuwa sha shida. Shanya a rana tana yiwuwa ne kawai inda iska ta bushe ƙarau. A rufe da yadi mai shara-shara saboda ƙuda da ƙura, a shigar da ita ɗaki da yamma. A lokacin damshi fumfuna za ta riga bushewa. Alamar ta yi ita ce ta karye ƙas idan an lanƙwasa. A zuba a kwalba a rufe, a riƙa girgizawa kullum har mako guda. Idan gumi ya bayyana a jikin kwalbar, a mayar da ita ta ƙara bushewa. Kafin amfani a jiƙa minti 30, ko a daka ta zama gari don kaɗa miya.

Kwalba: inda haɗarin yake

Nan muke roƙon a yi hattara. Kabewa ba ta da tsami, kuma abinci marar tsami da aka rufe a kwalba ba iska shi ne gidan ƙwayar cutar botulizim, wadda gubarta ke shanye jijiyoyi har ta kai ga kisa. Ba lallai abincin ya yi wari ko ya canja kama ba. Tafasa kwalba a ruwa ba ya wuce digiri 100, alhali ƙwayayen suna buƙatar kusan digiri 116, zafin da tukunyar matsin tururi ta musamman kaɗai ke kaiwa. Ƙa'idar Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka ita ce a yanka mai taurin ɓawo ƙananan murabba'i na santimita biyu da rabi, a tafasa minti biyu, a zuba a kwalba da ruwanta, a dafa a tukunyar matsi minti 55 ga kwalbar rabin lita, minti 90 ga ta lita ɗaya, da matsin da ya dace da tsayin wurin daga teku. Damammiyar kabewa ba a sa ta a kwalba ko da tukunyar matsi, domin kaurinta yana hana zafi isa tsakiya. Mai laushin ɓawo ma haka, tana narkewa ta cushe.

Abin da za a iya yi da mai laushin cikin kwanciyar hankali shi ne tsimi na firji: ga rabin kilo, a tafasa kofi ɗaya na ruwan khal mai ƙarfin kashi biyar cikin ɗari, kofi ɗaya na ruwa, babban cokali ɗaya na gishiri da biyu na sukari, a zuba kan yankakkiyar kabewa a kwalba mai tsabta. Ta huce, ta shiga firji, a cinye cikin mako biyu zuwa uku.

Ɗaci da 'ya'ya

Kowace kabewa za a dafa, a lasa ɗan yanki ɗanye tukuna. Idan aka ji ɗaci mai tsanani, a tofar, a zubar da ita duka. Sinadarin kukubitasin ne, yana jawo amai da gudawa da murɗar ciki, kuma dafawa ba ta kashe shi. Fari da zafi mai yawa kan ƙara shi, amma an fi samun sa a tsiron da ya fito da kansa a juji, ko irin da aka ajiye daga lambun da ƙudan zuma suka haɗa kabewar ci da ƙananan kabewar ado. Tushen da ya ba da ɗaya mai ɗaci, a tuge shi, kada a ajiye irinsa.

'Ya'yan masu daɗin kuwa kada a zubar. A wanke su a rariya a cire zaren, a shanya su tsane, a gauraya kofi ɗaya da ƙaramin cokali na mai da ɗan gishiri, a gasa a digiri 150 na minti 20 zuwa 25 ana juyawa sau biyu. A bari su huce sarai kafin a rufe a kwalba, in ba haka ba tururinsu zai sa su yi sanyi su rasa ƙaras-ƙaras ɗinsu.